Kalmomin Katako

Asabar, 4 ga wata, bayan la'asar

Yau kwana tara ke nan jikokina biyu suna gidan nan. Na ƙirga da yatsa har sau biyu. In an tattara duk kwanakin da suka taɓa yi a ƙarƙashin rufina tun haihuwarsu, ba za su kai tara ba, saboda nisa.

Allah ya yafe mini, murna nake yi. Na san ba lokacinta ba ne. Da safe tsohuwa, uwargidana, ta kama ni a bakin famfo ina murmushi ni kaɗai, ina kallon 'yan takalman da maƙwabta suka kawo musu. Ta ce, "Malam, rufe bakin nan, mutane na shigowa gaisuwa." Na rufe. Suna fita ya sake buɗewa da kansa.

Babbar shekararta bakwai. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ƙaramar shekara huɗu, ba ta iya tafiya sai da tsalle, tsohuwa ta raɗa mata 'Yar Tsalle, har ta fara amsawa.

Uwarsu, Autata, tana babban asibiti, gado na shida daga ƙofa. Tsohuwa ta je ta dawo. Da sauƙi, in ji su.

Malamin da ya koya mana karatu a ajin yamma, lokacin ina da shekara hamsin da biyu, ya ce kowa ya riƙa rubuta layi biyar kullum don kada hannu ya kwanta. Shekara goma sha shida ban fasa ba, sai ranar da aka bugo mana waya. Yau na ɗauko littafin, don na share shagona na kafinta sau uku kuma babu sauran abin sharewa.

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Baffansu ya zo, wan marigayi ubansu. Mutumin kirki ne, ba zan rubuta abin da ba haka ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, idanunsa a kumbure.

Ya ce, "Baba, yaran nan sun zama amana a wuyana. Ba zan bar su zaune babu karatu ba. Can wajena makaranta na bayan gidana, sun ce ko gobe a kawo su."

Wajensa tafiyar wuni guda ce a mota.

Na ce, "Uwarsu fa? Ranar da za ta buɗe baki ta ce ina yarana, me za mu ce mata? Mu ce ta jira gobe?"

Ya kalli tabarma. Sannan ya ce, "To Baba, mu yi haka. In makarantar unguwarku ta karɓi babbar, su zauna. In ba ta karɓa ba, Asabar ta ƙarshen wata zan zo da mota, kuma ina roƙonka kada ranar mu yi jayayya."

Na ce na yarda. Bayan ya tafi na fita bakin titi na dawo, na sake fita na dawo. Tsohuwa ta tambaye ni ko wani abu na yar a waje.

Litinin, 6 ga wata, bayan azahar

Na je makarantar. Shugabar ta ba ni kujera, ta ɗauki biro.

"Baba, takardar makarantar da ta baro?"

"Babu."

"Katin sakamako fa? Ko littafinta ɗaya mu gani?"

Na ce, "Malama, gobara ce, babu abin da aka fitar."

Ta ajiye biron. Ba ta ƙara tambaya ba, Allah ya saka mata.

Ga yadda abin yake. Aji ɗaya ya cika. Aji biyu gurbi biyu ya rage, yara biyar ke nema. Za a gwada su ranar Alhamis, 23 ga wata. Malamar ajin ta zo ta buɗe mini littafinsu. Ta ce lissafi kaɗan ne, karatu kaɗan ne, amma rabin makin yana kan ginin kalma, inda ajin yake yanzu: ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya.

Da ta faɗi haka sai da na riƙe hannun kujera. A duk abin da aka koya mana a ajin yamma, babu darasin da ya shiga raina kamar wannan. Ranar da malam ya rubuta sassaƙ a allo, ya sa ma a gaba, ya sa i a baya, ya juyo ya nuna ni da alli ya ce, "Ga ka nan," ban yi barcin kirki ba don daɗi. Ashe kalma ma haɗa ta ake yi kamar kujera.

Na ce wa malamar, "Wannan ki bar mini shi." Ta yi dariya ta ce Allah ya taimaka.

Na dawo gida da ƙafa, ban ma tuna da akwai mota ba.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Darasin farko. Na zaunar da su a kan dogon benci a shago. Na ce kalma kamar mutum take, tana da jiki, tana da goshi, tana da ƙeya. Na cire hula na nuna musu nawa.

'Yar Tsalle ta ce, "Kaka, kai goshinka ya je har ƙeya."

Tsohuwa ta jiyo daga tsakar gida, ta ce yarinya ta gama darasi a ba ta shaida.

Uwata ba ta yi dariya ba. Na rubuta mata nom a takarda, na ce ta sa masa goshi da ƙeya ya zama mutumin da ke noma. Haruffa ta san su sarai. Ta rubuta m, ta goge. Ta sake rubutawa, ta goge. Ta yi ta gogewa har takardar ta huje.

Ta ce, "In ban yi daidai ba fa?"

Na ce sai a gyara.

Ta ce, "Wani abin ba ya gyaruwa."

Na naɗe takardar na sa a aljihu. Na ce yau an tashi.

Talata, gab da magariba

Tsohuwa ta sake wanke 'yan kayan da suka zo da su a jiki. Karo na huɗu. Ta ce har yanzu tana jin warin.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kwana biyu ina shago. Bayana kamar zai tsinke, amma zuciyata fes.

Na yanka ragowar katako ƙanana, kowanne kamar sabulun wanka, na goge su sumul don kada tsinke ya soki yatsa. Jikin kalma, wato saiwa, na shafa masa farin fenti. Goshi kore. Ƙeya ruwan ɗorawa. Saiwa ashirin na yi, na rubuta haruffan da ƙaramin burushi, ina riƙe numfashi.

Ga dabarar da na fi jin daɗi. A sana'armu, haɗi mai kyau shi ne wanda ke shiga ta hanya ɗaya tak, babu ƙusa, babu motsi. Shekara arba'in ina yin kujeru, ba a taɓa dawo mini da mai girgiɗi ba. To haka na yi wa kalmomin. Kowace saiwa na fitar mata da haƙori irin nata gaba da baya, wani mai kusurwa uku, wani zagayayye, wani tagwaye, na haƙa ramin da ya dace da shi a jikin goshinta da ƙeyarta. Goshin ba ba zai shiga ɗink ba ko an buga da guduma. Ƙauye ba zai karɓi ma ba. Yarinya na tsoron kuskure, to na yi mata abin da kuskure ba ya shiga.

Sassaƙen ya taru buhu biyu. Da a da ne da tuni na ƙone shi a bayan shago. Yanzu na ɗaure bakin buhunan na jingine.

Juma'a, 10 ga wata, bayan la'asar

Maɗinki. Manomi. Masaƙi. Baƙauye. Madubi. Makaranta. Mabuɗi.

Bakwai a zama ɗaya, babu kuka. In haƙorin ya faɗa raminsa yakan yi ƙara kaɗan, ƙwas, ita kuma sai ta ɗago ta dube ni. Na rantse na ga gefen bakinta ya motsa.

Na kasa zama. Na je na gaya wa tela na bakin layi, na gaya wa mai walda, na gaya wa maginin da ke aiki a filin da ke kusa da mu. Tela ya ce, "Kafinta, ka zama farfesa ke nan, sai mu fara cire takalmi."

Asabar, 11 ga wata, da safe

Tsohuwa ta je ta dawo. Da sauƙi, in ji su. An canza wa Auta bandejin hannu.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Goma sha tara cikin ashirin. Ɗaya ce ta rage, kuma ba don ta fi ƙarfinta ba. Daf. Na yi ta ne don madafa. Duk sanda ta zo kanta sai ta ture ta gefe da bayan hannu, ba ta ko kallonta.

Laifina ne, ban yi tunani ba. Na ɗauke ta na jefa a akwatin ƙusoshi.

Tun zuwansu ba ta bi ta ƙofar kicin ba. Zagayawa take ta bayan igiyar shanya.

Litinin, 13 ga wata, bayan azahar

Na buga wa baffansu waya. Na ce masa kada ya wahalar da kansa da shan mai ranar Asabar ɗin, yarinya ta haddace komai, minti uku take yi ta jera goma sha tara. Ya ce, "Masha Allah, Baba. Allah ya sa." Muryarsa ba ta yi murna ba, ba ta yi baƙin ciki ba.

Da na kashe wayar tsohuwa ta ce, "Ka cika baki." Na ce bakin da ya cika da gaskiya ba laifi. Ta ce ita dai ta faɗa.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe



Na shiga shago ɗauko tef ɗin awo, na tarar da 'Yar Tsalle zaune a ƙasa da katakon. Yarinyar da ba ta san a daga b ba. Ta kife su duka, haruffan na kallon ƙasa, tana waƙa tana haɗawa. Ƙwas. Ƙwas. Na tsuguna na juya na farko: masaƙi. Na biyu: makaranta. Na juya tara, duk daidai.

Ta ce, "Kaka, na iya?"

Na ce kin iya.

Na kira Uwata. Na yanka takarda gida uku, na rubuta ma, nom, i, na ƙara wasu biyu, ɗaya ba, ɗaya iya, na baza a kan benci. Na ce ta gina mini mai noma. Ta ɗauki takarda ɗaya. Ba ta kalli rubutun ba. Babban yatsanta ne ya bi gefen takardar, sama da ƙasa, yana neman haƙori.

Kwana biyar ba karatu take yi ba. Aikin kafinta na koya mata.

Saura kwana takwas.

Laraba, bayan la'asar

Na share shago. Na sake jera zarto da magagari bisa ga tsawo. Na je bakin titi.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na gaya wa tsohuwa. Na zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba, da ta ce ma ya fi mini sauƙi. Tana ɗaure kular abincin asibiti ta ce, "Kai haka kake tun muna yara. Ko Auta da tana koyon tafiya, kwashe kujerun ɗaki ka yi ka kai waje."

Na ce, "To in bar ta ta fasa kai?"

Ta ce, "Ta fasa a gidan maƙwabta ai, inda babu mai kwashewa."

Ta sa mayafi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Yaushe za ka je ka gan ta? Sau ɗaya ka je."

Na ce ina da aiki.

Juma'a, 17 ga wata, bayan la'asar

Na yanke haƙoran duka. Na ɗaure kowane katako a bakin benci na bi shi da zarto, na goge wurin da magagari, na cike ramukan da garin katako da gam. Aikin kwana biyu, a wuni ɗaya na rushe shi. Yanzu kowane goshi na iya zama kusa da kowace saiwa, babu mai hana shi. A idon kafinta abin kunya ne, tarin guntaye kawai.

Uwata ta shigo ina kan na ƙarshe. Ta ɗauki ma ta kara da ɗink, suka tsaya kusa da juna shiru, babu ƙwas. Ta ɗauki ba ta kara, shi ma ya tsaya.

Ta ce, "Ka ɓata su."

Na ce, "Na ɓata su."

"To yaya zan san na yi daidai?"

Na ce za ta karanta da ido, ta faɗa da baki, kunnenta ya gaya mata ko ya taɓa jin wani mahaluki ya faɗi haka.

Ta zubar da su a ƙasa ta fita. Ba ta yi kuka ba. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 18 ga wata, da rana

Ba ta shigo shago ba. Ba ta yi mini magana ba. Da ta ga zan zauna kusa da ita cin abinci sai ta ɗauki kwanonta ta koma wajen kakarta.

Saura biyar.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau kam sai na yi layi fiye da biyar.

'Yar Tsalle ce ta jawo ta. Ta jera katako uku yadda ta ga dama, ta je ta kamo hannun yayarta ta ce ta karanta mata abin da ta gina. Uwata ta tsaya daga bakin ƙofa, ta leƙa, ta haɗa haruffan a hankali. "Ma, dub, iya. Madubiya."

Tsohuwa na tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Wace ce kuma wannan? Matar madubi? Ku shigo da ita ta taya ni shara."

Uwata ta toshe baki da hannu. Kafaɗarta na motsi.

Ban yi wata-wata ba. Na zuba katakon a tire, na ce mu tafi mu gwada kalmomin a kan masu su. Muka fita layi mu uku.

Wajen tela muka fara. Na ce ta gina sunan aikinsa. Ta daɗe, ta jera, ta ɓoye bayana. Na ce faɗa masa. Da ƙyar aka ji muryarta: "Baba tela, kai baɗinki ne?"

Tela ya tsayar da keke, ya sauke tabarau kan hanci. Ya ce, "Wa ya aiko ki ki zage ni da rana tsaka? Shekara talatin ina kan keken nan, matata ma ba ta taɓa ce mini haka ba."

Ta cire ba da sauri ta sa ma. "Maɗinki."

"Na'am, ranki ya daɗe. Riga ko zane?"

A wajen magini ta gina magina. Ya ajiye bulo ya ce, "Ni kaɗai? Sai dai in kin haɗa da waɗancan ragwayen biyu da ke inuwa." Ta kalli ragwayen, ta kalli katakon, ta canza ƙeya da kanta. Ban ce mata komai ba.

Mai walda ya ce shi ba maƙeri ba ne, amma in ta ba shi alewa zai amsa.

Kafin mu dawo ta yi kuskure goma sha ɗaya. Na ƙirga su kamar mai ƙirga kyauta. A hanya ta riƙe mini ɗan yatsa.

Allah ya yafe mini. Ban taɓa jin daɗin yini irin na yau ba, kuma 'yata na gado na shida.

Litinin, 20 ga wata, bayan azahar

Mun koma takarda da fensir. Goma na ba ta, ta ci biyar. Marubuci ya kayar da ita, kamar yadda ya kayar da mu duka a ajin yamma. Na nuna mata jarumta da gwaninta da maƙwabtaka, waɗanda ƙeya kaɗai suke ɗauka.

Muna cikin haka, ba ta ɗago kai ba, ta yi mini tambaya a kan ubanta.

Tun zuwansu abin da ake ce musu shi ne ya yi tafiya. Na buɗe baki zan maimaita. Ban iya ba.

Na faɗa mata. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba.

Ta ajiye fensir a tsakiyar littafi, ta daidaita shi. Ta ce, "To me ya sa Kaka mace ta ce zai kawo mana tsaraba?"

Na ce don tana son ku ne.

Ta ce, "Kai ba ka son mu?"

Litinin, gab da magariba

Tsohuwa ta ce, "Kwana uku kafin jarrabawa, Malam. Kwana uku. Ba ka iya jira?"  Wataƙila na kai su gidan baffansu da bakina.

Talata, 21 ga wata, da rana

Tana kwance a cinyar kakarta tun safe. Ban ambaci katako ba.

Na kwance ƙofar banɗaki na sake ɗaurawa. Babu abin da ya same ta.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je.

Na ƙirga gadajen daga ƙofa don ban so in yi ta kallon fuskoki. Hannayenta biyu a naɗe, an ɗora su a kan matashi. Na zauna. Ban san inda zan taɓa ba, sai na riƙe ƙarfen gadon.

Ta buɗe ido. Leɓenta ya motsa, babu murya. Ma'aikaciyar jinya ta sunkuya ta saurara, ta ce, "Baba, tambaya take yi."

Na ce, "Suna gida, Auta. Mota ɗaya ce tsakaninku. Babbar na da jarrabawa gobe."

Ta lumshe ido. Ma'aikaciyar ta ce in aka ci gaba a haka, nan da mako biyu za a iya kawo yara su gan ta daga bakin ƙofa.

Da na dawo na tarar da shago a buɗe. Uwata na zaune a benci ita kaɗai, katakon a gabanta, tana faɗar kalmomi ƙasa-ƙasa tana girgiza wa wasu kai. Na koma da baya a hankali na zauna a tsakar gida. Wannan ne zaman farko da na yi na minti goma cur tun farkon wata.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An shiga da su tara da rabi. Iyaye a waje, ƙarƙashin rumfa. Uwa ɗaya ta ce ɗanta wata uku ana yi masa darasi a gida, malami na zuwa takanas. Ta tambaye ni wa ke koya wa tawa. Na ce ni. Ta dubi hannayena ta ce, "Ayya."

Na zagaya filin ƙwallo sau shida. Mai gadi ya ce, "Baba, in motsa jiki kake so, safiya ta fi."

Sha ɗaya ta fito, yatsunta duk baƙin fensir. Na ce yaya. Ta ce, "Malama ta ce a yi shiru, ni kuma sai na faɗa da baki nake ganewa. Sai na riƙa faɗa cikin hijabina."

Na ce kin ci?

Ta ce, "Wasu."

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun ce sha biyu za a manna.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya

Sha biyu ba ta yi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Ta biyu. Maki ɗaya ne tsakaninta da ta uku.

Na karanta sunan da idona. Sunan mahaifiyata, a jikin bangon makaranta, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe biro ba. Na karanta sau huɗu, har mai gadi ya zo ya ce ko ya karanta mini. Na ce na gode, na iya.

Malamar ta ce a ginin kalma bakwai ta ci cikin goma sha biyu, akwai sauran aiki. Na ce akwai sauran katako.

Tela ya ce kayan makaranta zai ɗinka su gobe ko da zai bar na amarya. Tsohuwa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana fyace hanci.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na buga wa baffansu jiya sau uku, wayar ba ta shiga ba, ashe yana hanya. Da azahar ya iso. Na tare shi a ƙofa da takardar a hannu, bakina har kunne, na manta ko sannu da zuwa ban yi masa ba.

Ya karanta. Ya ce, "Alhamdulillahi. Alkawari ne, Baba." Ya buɗe bayan mota. Jakunkunan makaranta biyu ne a ciki, sababbi, da ƙaramar katifa a naɗe, da 'yar tsana. Ya sauke su a zaure. Ya ce matarsa ta riga ta yi wa ɗakin fenti, ba komai, sa zo hutu.

Ya rungumi yaran, ya yi sallama, ya shiga mota. Na koma ciki ina jiran in ji tashin inji. Ban ji ba. Na sha ruwa, na wanke kofin. Ban ji ba.

Na leƙa. Ya kifa kai a kan sitiyari.

Wata guda ina lissafin abin da zan rasa. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa shi da uban yaran su biyu ne kaɗai iyayensu suka haifa ba, kuma ƙaramar idon ƙaninsa ta ɗauko sak.

Na ƙwanƙwasa gilashi. Na ce, "Ɗana, sauko. Wannan tafiya ba ta yau ba ce."

Ya ce yana da aiki Litinin.

Na ce, "Kana da shi. Yarinya za ta shiga sabon aji, an ce uba ke kai ta ranar farko ya sa hannu. Ni gwiwata ba ta da daɗi."

Ya dubi gwiwar. Ya san da ita na tare shi a ƙofa ɗazu, babu ɗingishi. Ya zare makulli.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Sun tafi. Shi ya rataya jakar, ita ta riƙe masa gefen riga. Rigar makarantar ta yi mata yawa, tela ya ce da gangan ne. Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Ba ta waiwayo ba, tana yi masa bayanin wani abu da hannu.

Sai ƙarfe ɗaya za a tashi. Na riga na sa takalmi.